Uban Giji a Hanyar Godogodo

Tayar baya ta nutse a taɓo har rabi, ina ba kekena mai ƙafa uku wuta, ita kuwa sai juyawa take a wuri ɗaya. Ga hadari ya haɗo, ga fasinjata, wata tsohuwar malamar makarantar Lahadi, rungume da kulolin shinkafar biki.

"Wayyo Ubangiji!" na ce.

"Kana ta jifa da kalma, ka ma san daga ina ta fito?" in ji malamar.

"Mama, yanzu lokacin darasi ne?"

"To ina za mu? Uban giji ne. Giji, gida ke nan a bakin mutanen da. Da Hausawa suka nemi sunan da za su kira Mai Sama, ba su je nesa ba, suka ɗauko na wanda ake kira in rufi ya fara yoyo. Mu ma haka muka same shi a Littafi." Sai ta ƙura mini ido. "Tsaya. Ba kai ne ɗan dattijon cocin nan na bayan gada ba? Kunnuwan nan ba sa ɓuya."

Ni ne. Tun da na ajiye makaranta na kama tuƙin keke a Kafanchan, ni da Baba ba mu haɗa ido ba. In zan wuce ta ƙauyenmu, hula nake ja har hanci.

"Je ka kira shi, ga gidanku can."

"Gara in kwana nan."

"Kai ka kwana. Shinkafata ba za ta kwana ba."

Ta tattare zani ta kama hanya. Can sai ga su tare, Baba da katako a kafaɗa, cikin farin wandonsa na zuwa taro. Na durƙusa zan gaishe shi.

"Tashi ka hau," ya ce. "Giya ɗaya, ba hauka ba."

Ya cusa katakon, ya sa kafaɗa. Na ba keken wuta, taya ta wanke shi da taɓo tun daga ƙugu har ƙasa.

"Kar ka tsaya! Wuce!"

Kafin in kai tudu in waiwayo, ya juya gida. Mama ta shigo tana haki tana dariya.

Da na sauke ta, kiran Baba ya fi ƙarfina, sai na rubuta masa saƙo a waya:

"Baba, mun isa lafiya, shinkafa ba ta huce ba. Kar kowa ya taɓa wandon nan. Zan zo ran Lahadi in wanke da kaina."