Abin da Na Ƙi Faɗa wa Sabuwar Ma'aikaciya

A lokacin ni bazawara ce mai shekara talatin da ɗoriya, ina zaune a unguwar Karantina, can ƙasa mai tsarki, ina aiki a wata ƙaramar cibiya da ke Waziriyya, inda ake kula da waɗanda aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa. Wanka nake musu, in ciyar da su, in koya musu sa riga. Amma a iƙamata, wato takardar izinin zama, a gurbin sana'a, mai shara aka rubuta, saboda kafilina, wanda ya tsaya min a kan takardar, ya ce ita ta fi saurin fitowa. Ni ma ban musa ba.

Da tallafin gwamnati cibiyar take tafiya. Shekarar da aka ƙara tallafin, aka ƙara wa masu kula albashi bisa abin da takardarsu ta ce, ni kuwa ko riyal ɗaya. Sau uku ina zuwa wurin mudira, shugabar wurin. Ta rantse ba a hannunta abin yake ba, ta kira ni ukhti, wato 'yar'uwata, har da raha, wai da alƙalamin nata ne da daktora, wato likita, za ta rubuta ni. Ranar da masu duba aiki suka zo, tsintsiya ta miƙo min, ta ce in tsaya a baranda har su tafi.

Akwai wata budurwa a hannuna, shekararta goma sha tara, ba ta magana. Ba ta cin abinci sai an zauna ta hagunta, an kawar da kai, an bar cokali a bakin faranti har ta taɓa shi da kanta. Wata takwas na yi kafin in gano haka, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba. Da na ajiye aiki, wadda za ta maye gurbina ta biyo ni har ƙofa, tana ce min ya khala, wato inna, tana tambayar yadda ake ciyar da ita. Na ce mata ni mai shara ce, ta tambayi masu takarda. A lissafina, kwana biyu za su neme ni da gyararriyar iƙama.

Ba su neme ni ba. Bayan mako uku direban cibiyar ya gan ni a kasuwa, ya ce an kai budurwar asibiti an sa mata roba ta hanci, daga can mahaifiyarta ta ɗauke ta. Na ba shi bayanin yadda ake ciyar da ita ya kai, ya ce sun bar unguwar.

Har yau ina ganin an zalunce ni, kuma ban yafe wa tsarin da yake biyan takarda ya bar mai aikin ba. Sai dai fushina bai kai ga mudira ba, bai kai ga gwamnati ba. Wadda ba ta iya cewa tana jin yunwa ita ya samu. 'Yan'uwana masu wannan aiki, ku duba abin da aka rubuta a iƙamarku tun ranar farko, ku nemi haƙƙinku da ƙarfi. Amma in za ku tafi, ku bar wa na baya duk abin da kuka sani.