Tururuwa Uku a Cikin Ludayi

Tun ina budurwa, kafin kowa ya zo neman aurena, akwai abin da nake tsoro a jikina, wato nonona. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ƙauyenmu, can gefen Tsanyawa, inda gonar wannan take manne da ta wancan har mutum ya ji tarin maƙwabcinsa daga cikin gero, babu abin da yake ɓuya. Kowa ya san nonon Inna, mahaifiyata, ba shi da kyau. Haka ake faɗa, wai mai ƙaiƙayi ne, yaro in ya sha ba ya tsayawa. 'Ya'ya uku ta binne kafin ni. Ni kuma na rayu ne don ƙanwarta tana goyo a lokacin, ita ta shayar da ni. Ban taɓa shan nonon uwata ba ko sau ɗaya.

To da ƙirjina ya fara tasowa, 'yan mata sa'o'ina suna murna suna ɗaura zani sama, ni kuwa in na shiga wanka sai in tsaya ina duban kaina, ina cewa ko na gado. Na ɗauka lokacin da Allah yake rabo, da aka zo kanmu ni da Inna, an rage mana wani abu. Hatta sallata haka nake ganin ta. Daga aji huɗu aka cire ni a firamare, a makarantar allo kuma ban wuce 'yan gajerun surori ba. Idan na ji matan da suka yi Islamiyya suna jero addu'o'i da Larabci, sai in ji tawa kamar tuwon da ba miya. Ina yi dai, amma ban sa ran tana zuwa ko'ina ba.

An yi mini aure a ƙauyen da ke gaba da namu, tafiyar da ba ta kai a ji ƙishirwa ba. Maigidan manomi ne, da rani yakan tafi kasuwar Dawanau ɗinkin buhu. Shekara ba ta zagayo ba na samu ciki, da ya tsufa aka mayar da ni gida wajen Inna, kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Na sauka da hantsi, ana cikin yankan gero. Namiji.

Ungozomarmu tsohuwa ce, kowa Gwaggo yake ce mata, ita ta yanke cibiyar rabin mutanen ƙauyukan nan biyu. Da ta gama wanke yaro, Inna ta ja ta gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai ga Gwaggo ta dawo da ƙaramin ludayi.

"Kawo nan, amaryar jego," ta ce. "Kunyar me? Ni na fara ganin ki tsirara kafin mijin naki."

Ta tatsi nonona a ludayin, wani kauri-kauri mai ruwan ɗorawa. Ta fita bakin rumbu ta kamo tururuwa uku ta jefa ciki. Dokar abin ita ce, in sun yi iyo sun fita, nono lafiya lau. In sun mutu a ciki, kada a kuskura a ba yaro sai an wanke nonon da magani. Muka zuba ido mu uku. Ɗaya ta kai bakin ludayi, ta zame ta koma. Suka yi ta motsa ƙafa, suka yi ta motsawa, can suka daina.

Gwaggo ta ce, "Uhm. Na uwarta ne."

Inna ta juya ta fita hura wutar ruwan wanka. Ni kuwa ban yi mamaki ba. Abin da nake jira ne tun ina 'yar shekara goma sha biyu.

Babu mai goyo a danginmu a wannan karon. Sai aka riƙa karɓo madarar shanu a rugar da ke bayan gari, ana sirkawa da ruwa ana ɗura masa da cokali. Ni kuma aka sa ni shan jiƙon sassaƙe, ana shafa mini wani a ƙirji, ana tatsewa ana zubarwa a bayan ɗaki. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse. In yaron ya yi kuka sai in ji rigata ta jiƙe.

Ga kuma kunyar ɗan fari. A wajenmu mace ba ta nuna son ɗanta na fari, ba ta ɗaukar sa a gaban mutane, ba ta kallon sa, in an miƙo shi ma sai ta kau da kai. Mata masu zuwa barka suna yaba ni: "Kai, yarinyar nan akwai kara, ko kallon inda yake ba ta yi." Ba su san da wutsiyar ido nake bin sa ba. Na san kunnensa na hagu yana da ɗan lanƙwasa a sama. Na san yana dunƙule hannu ɗaya ya bar ɗaya a buɗe. Amma fuskarsa gaba ɗaya, in zauna in dube ta son raina, ban taɓa ba.

Ran kwana huɗu ya fara gudawa. Ran na biyar na hango maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ya zama ƙarami kamar na ɗan mage. Na so in ce a ba ni shi in ba shi nono, ko da mai ƙaiƙayin ne. Maganar ta zo bakina ta tsaya. Wace ce ni da zan ce a ba ni, ni da tururuwa ta mutu a cikin nonona? Ran kwana shida da la'asar ya cika, a cinyar Inna. Ragon suna yana ɗaure a turke, washegari maigidan ya zo ya kwance shi ya ja shi ya tafi, bai iya haɗa ido da kowa ba.

Na gama wankan jegona kwana arba'in cif, safe da yamma, da ruwan zafi da ganye, ina shan kunun kanwa, babu jariri a ɗakin. Ana ce mini in yi haƙuri, Allah ne ya ba da, shi ya karɓa. Na yarda da wannan. Abin da ke cin raina daban ne. Gani nake an ba ni amana, ni kuma an halicce ni ba tare da abin riƙe ta ba. Na koma ɗakina ina salla a kan lokaci, amma in na sallame ba na ɗaga hannu. Ina jin nauyin in roƙi wani abu.

Bayan shekara ɗaya da rabi wani cikin ya zo. Na je awo sau uku, malamar asibiti tana ta faɗa mana a ba jariri nonon farko da zarar ya faɗo, kada a zubar. Na saurare ta, na ce a raina wannan da masu lafiyayyen nono take.

Ina da wata jar akuya da Inna ta ba ni lokacin aure. A wannan daminar ta haifi 'yan biyu, ƙosassu, har suna hawa kan turmi suna tsalle. Wata safiya ina tatsar ta kaɗan don in dama fura, cikin nawa wata bakwai, sai wata tururuwa ta faɗo daga jikin danga cikin ƙwaryar. Na kai hannu zan cire ta, sai na fasa. Na tsaya ina kallo. Ta yi ta motsa ƙafa. Ta daina.

Gabana ya faɗi. Na ɗauko ludayi, na zuba madarar akuyar, na kamo tururuwa uku na jefa. Biyu suka mutu, ɗaya ta fita. Na sake, duka ukun suka mutu. Na gwada da ruwan randa, wanda duk gidan muke sha, nan ma biyu suka nutse. Na lura in ludayin ya karkata, ko an jefa su kusa da baki, sai su kama su fita. In an sa su a tsakiya, shi ke nan. 'Yan akuyar kuwa ga su nan suna tunkuɗar hantsar uwarsu, jelarsu na kaɗawa.

Mutum zai ɗauka murna na yi. Wallahi ban yi ba. Zama na yi a ƙasa a gindin turken, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar yaron. Da, ina cewa ba ni da abin da zan ba shi. Yanzu na gane yana nan, cike da ƙirjina, ana tatsewa ana zubarwa a bayan ɗaki, shi kuma yana kwance taku uku daga inda nake.

Washegari na bi ta cikin gonaki na je wajen Inna da madarar a 'yar kwalba. Na same ta tana tsince wake.

"Ke da wannan tulun a gaba, me ya fito da ke? Ko kun yi faɗa ne?"

"Inna, wani abu zan nuna miki."

Na yi a gabanta, sau biyu. Ta ajiye faifan, ta daɗe tana duban ludayin.

"Na wace akuyar ce?"

"Jar nan da kika ba ni. Mai 'yan biyu."

"Zubar," ta ce. Na zubar. Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsince waken, amma na ga mai kyau take zubarwa tana barin tsakuwa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ukun nan nawa, duk haka aka yi. Babu wanda ya sha." Sai ta ƙara da cewa, "Da ba ki nuna mini ba, 'yar nan."

"Ki yafe mini, Inna."

"Ni zan yafe miki? Wa ya kira Gwaggo gefe ranar nan?"

Ban taɓa ganin hawayen Inna ba sai ran nan. Muka zauna har azahar ta yi. Ta kawo buta muka yi alwala, muka yi salla a tabarma ɗaya. Da muka sallame na ji ta tana magana a hankali, da Hausa, kamar mai yi wa wani na kusa bayani: "Ya Allah, ba mu sani ba. Kai ka san ba mu sani ba. Ka ba mu cikakke, muka ce ragagge ne." Ba ta ƙara komai ba. Ni ma sai na ga hannuwana sun tashi. Ban da Larabcin da zan faɗa, na ce amin, na faɗi nawa da bakin da nake da shi. A ranar ne na fara jin cewa ana ji na.

Na haihu bayan an gama cirar gyaɗa, a ɗakina, da sassafe. Mace. Inna ta iso kafin a gama share ɗaki. Gwaggo ta wanke yarinya ta naɗe ta, ta laluba cikin zaninta ta fito da ludayin nan.

Na ce, "Gwaggo, a ba ni ita."

"Za a ba ki mana, bari mu ga abin da tururuwa za ta ce."

Inna ta ce, "Gwaggo, mayar da ludayinki."

"Au! Ke ma kin shiga makarantar asibitin? Ke da kika fi kowa sanin abin da ke jikinku?"

"Na sani. Huɗu muka ba ƙasa, babu wanda ya ɗanɗana. Wannan za ta sha. In wani abu ya faru, ni za a tambaya."

Uwar mijina tana bakin ƙofa, ta dubi Inna ta dube ni, ta ce, "To, uwarta ta faɗa." Gwaggo ta tura baki. "Ku kuka sani. Kada dai a aiko mini." Amma ita da kanta ta miƙo yarinyar, har ta gyara mini riƙon, tana mita: "Tallafe kan mana, sai ka ce kin riƙe ƙullin kuka."

Ta kama. Na ji zafi har cikin marata. Kowace haɗiya da ta yi sai gabana ya faɗi, ina cewa ko yanzu ne. Kwana shida na yi ina taɓa maɗigarta, ina duba zaninta. Ran na bakwai aka yanka rago. Gwaggo ta zo, ta ci tuwo ta ƙoshi, ta ɗaga yarinyar ta jijjiga ta ta ce, "Ja'ira, nauyi kamar dutsen niƙa." Ba ta ƙara zancen ludayi a gidanmu ba, ko da yake na ji har yanzu tana yi a wasu gidajen.

Yarinyar yanzu an yaye ta, tana bin akuyoyi a tsakar gida. Ba zan ce tsoro ya bar ni ba. In jikinta ya ɗan yi ɗumi, ba na iya cin abinci. Surorina ma suna nan yadda suke, 'yan kaɗan. Sai dai na daina duban kaina a matsayin wadda aka rage wa rabo. Abin da aka ba ni shi ne wannan, jikin nan da bakin nan, kuma da su nake tsayawa gaban Ubangijina. Inna takan zo ta zauna tana kallon yarinyar, wani lokaci sai in ga ta dafe ƙirjinta da hannu ɗaya, ba ta ma san ta yi ba. Ba ma zancen. Shi kuma na farin, har yau in na rufe ido kunnen nan nake gani da hannun, fuskar ba ta zuwa.

Roƙona gare ki, ko gare ka, mai karanta wannan, guda biyu ne. In kuna wuri aka fito da ludayi za a gwada nonon wata yarinya, ku yi magana, ku ce a miƙa mata ɗanta, don ita kunya ba za ta bar ta ta ce ba. Sannan in kun yi salla, ku sa ɗana da 'yan'uwana uku a addu'a, da Inna. Ko da Hausa ne.