Wayar Ilarion a Ranar Ziyarar Kaburbura

Shekara arba'in Ilarion yana kaɗa ƙararrawar cocin ƙauyenmu. Tun da matarsa Profira ta rasu, shi kaɗai ne a gida, sai kaji. 'Yarsa tilo, Rodica, tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu.

Igiyar intanet a bakin gada ta tsaya, kamfani ya ce mutanenmu sun yi kaɗan. 'Yan birni sukan biya kuɗi ƙalilan su yini suna kallo, ba iyaka. Ilarion kuwa yakan biya fiye da nasu a auno masa data 'yar mitsitsiya.

Duk shekara, mako guda bayan bikin Ista, mukan tafi maƙabarta da burodi da jajayen ƙwai, limami ya bi kaburbura yana ambaton mamata. Rodica ta roƙi abu ɗaya: ta ga kabarin uwarta ta waya lokacin da za a kira sunan. Saboda haka wata guda Ilarion bai kira ta ba don kada data ta ƙare, ya naɗe wayar a tawul.

"Tsoho, waya ce ko jaririya?" in ji maƙwabcinsa Gavril.

"Jaririya ce. Ta fi ka ci."

Ranar, tun a ƙofar coci ya kira, don kawai ya gwada. Sai ga fuskarta, ta rufe kanta da ɗankwali. Mawaƙa suka fara.

"Baba, ka kashe, sai an je wajen Mama."

"To, 'yata."

Bai kashe ba. A wurinmu ba a fita ana tsakiyar addu'a, shi kuma a ganinsa kashewar tamkar fitar da ita daga coci ne. Ya ɗora ta a taga, ta tsaya da mu awa biyu da rabi.

Da muka fita maƙabarta, saura kabari uku a iso na Profira hoton ya daskare. Saƙo ya shigo: data ta ƙare.

Ilarion ya juya wayar ta fuskanci gicciyen kabarin Profira, fuskar Rodica a tsaye, bakinta ɗan buɗe. Bai sauke ba har limami ya kira sunan ya wuce.

"Ta gani?" Gavril ya tambaya.

"Uwar dai ta gan ta."

Ya naɗe wayar a tawul, ya miƙa wa Gavril ƙwai ɗaya, ya kama hanyar gida.