Nas Mai Jan Labule

A ɗakin gaggawa na wani asibiti wajen Ƙofar Gayan, ina kallon wata nas gajeruwa, dunduniyar takalminta duk ta cinye.

An kawo wani saurayi da mota ta buge. Babu jinin ƙara masa, likita kuma har yanzu ana nemansa. Uwarsa, mutuniyar ƙauye, tana can tsaye tana kallon bango. Ɗan farinta ne, kunya ta hana ta matsowa a gaban jama'a.

Nas ɗin ta ja labule, ta kamo hannunta.

"Inna, zo ki riƙe shi. Babu mai ganinki."

Ina jin ita ma ta taɓa tsayawa jikin bango haka.

Duk asibitin nan, labulen kaɗai ke aiki.