Mai Fito a Kan Dusar Ƙanƙara

Ban yi karatu ba, ko na allo ban yi nisa ba. 'Yata ce zaune a gefena tana rubuta abin da nake faɗa. Na gaya mata in kuka ya zo mini ta dakata ta jira ni, kada ta ce in yi haƙuri. Haƙuri ina cikinsa tun ranar da aka fita da maigidana. Kukan kuma ba ya hana ni magana, yana dai jinkirta ta.

Maigidana mai fito ne. A bakin kogi aka haife shi, a ƙasar Yawuri. Ranar kasuwa yakan tsaya a gindin jirgi da gwangwala a hannu, ya ƙetarar da mutane da awaki da buhunan gero, yana tsaye kamar an dasa shi. Ni kuwa daga tudu aka kawo ni, garinmu ba mu san wani ruwa ba sai na rijiya. Ranar da na fara shiga jirginsa, zama na yi a ƙasa, na rungume ƙullin kayana, na rufe ido har muka kai gaci. Tun daga ranar ya sa mini 'yar tudu, kuma da wannan sunan ya kira ni har Allah ya karɓi abinsa.

Ni Malam nake ce masa. Yadda aka tashe mu, mace ba ta kama sunan mijinta. Ko yaron maƙwabta ne aka raɗa wa sunan, sai in ce mai sunan Malam. Mun haura shekara arba'in tare a haka, ban taɓa jin wani abu ya rage mini ba. Wannan ma da take rubutun ba na kiran sunanta, don 'yar fari ce.

Ita ta kawo mu Amurka. Aikin jinya take yi a wani asibiti a cikin Washington, mijinta kuma injiniya ne. Ni na fara zuwa, wankan jego, lokacin suna haya a Hyattsville, a wani bene da ake jin tarin maƙwabci ta bango. Na zo da niyyar wata uku, renon jika ya riƙe ni, ina zuwa ina komawa. Da aka yi gada a wajenmu fito ya mutu, gwiwoyin Malam kuma suka fara ciwo, sai suka ɗauko shi shi ma. A lokacin sun koma gidansu na kansu a Beltsville.

Ƙasar ba ta karɓe shi ba. Yakan wuni a bakin taga yana kallon motoci, ya ce bai taɓa ganin gari mai yawan gidaje da ƙarancin mutane irin wannan ba. Ranar Asabar surukinmu yakan kai mu kantin kayan abincin Afirka a Hyattsville. Malam zai nufi wajen busasshen kifi, ya ɗaga, ya shinshina, ya ce, "Wannan kifin ya mutu da baƙin ciki." Ya ajiye. Duk da haka sai an saya.

Abokiyar hirarsa ita ce jikarmu. Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayarwa. Shi ya yi mata Hausa, ita ta yi masa Turanci, su yi ta dariya, ni dai ban san inda suke haɗuwa ba. Ta girma ta zama budurwa, ta koyi wani wasa da suke zuwa yi da 'yan makarantarsu can kan duwatsu lokacin sanyi. Katako ne mai santsi, tsawonsa ya kai haɓarta, ana ɗaure ƙafa biyu a kai a yi sulu a kan dusar ƙanƙara, a tsaye.

Sanyin bara aka yi ƙanƙara mai yawa, har aka rufe makarantu. Akwai wani tudu a bayan makarantar unguwarmu inda yara suke taruwa. Da hantsi muka fita dukanmu kallo. Jikar ta hau katakonta ta gangaro tana karkata jiki, ta tsaya a gabanmu ta watsa mana ƙanƙara. Na ga idon Malam ya canja. Rabon da in ga wannan idon tun a bakin kogi.

Ya ce, "Ai wannan fito ne. Ruwan ne kawai ya daskare. Amarya, kawo jirgin nan."

'Yata ta ce, "Baba, don Allah. Gwiwarka fa."

"Gwiwata ta tsaya a kan ruwan da ya cinye shanu. Wannan garin rogon ne zai ba ni tsoro?"

Aka sa masa takalman mijin 'yata, masu nauyi kamar turmi. Ya cire hularsa ya ba ni in riƙe, aka kifa masa hular kwano. Babbar riga kuwa ya ce ba zai cire ba, a kan rigar sanyi ya ɗora ta, wai ba zai tsaya gaban jama'a kamar ɗan dako ba. Da jikar ta durƙusa tana ɗaure masa ƙafa, sai ya ɓata rai.

"A jirgi ƙafa ce take jin ruwa. Kin ɗaure ta, da me zan ji?"

Ta yi masa bayani da hannu, wai ya riƙe ta, su sauka a hankali. Ya ce shi ba a taɓa riƙe shi a jirgi ba, a ba shi gwangwala. Ta ce ba a yi da sanda. Ya ce jirgin da ba gwangwala ai gawa ce. Wani yaro ya zo da tsintsiya mai doguwar ƙota yana share wurin wasansu, Malam ya miƙa hannu, yaron ya ba shi.

Abin da ya saba yi in zai bar gaɓa shi ya yi. Ya kafa ƙotar a baya, ya tattara ƙarfinsa, ya tunkuɗa. Jirgi mai ɗauke da buhuna yana son irin wannan turin. Katakon nan kuwa ba ya ɗauke da komai sai tsoho ɗaya.

Kafin mu ƙifta ido ya yi nisa. Iska ta cika babbar rigar ta yi tim. Ya jingina baya yadda yake yi in igiyar ruwa ta taso, abin ya ƙara gudu. Tsintsiyar ta tafi nata wuri. A ƙasan tudun akwai shingen ƙarfe, na ga ya nufe shi kai tsaye.

Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba. Sunansa na kira. Ba Malam ba, sunan da uwarsa ta san shi da shi, da dukan muryata, har yaran da ke wurin suka waiwayo.

Allah ya sa akwai tarin ƙanƙara kafin shingen, a ciki ya kife. Muka ruga. 'Yata ta toshe baki da hannu, ban sani ba ko don faɗuwar ne ko don abin da ta ji. Surukina kuwa ya ɗaga kai yana kallon wani jirgin saman da babu shi. Muka tarar da Malam a kwance, gemu fari fat, ƙafafu a sama da katakon a manne, yana dariya har yana tari.

Ya ce, "Wa ya kira ni?"

Na ce, "Ba kowa."

"Na ji murya. Tun rasuwar tsohuwata ba macen da ta kira ni haka. 'Yar tudu, sake faɗa in ji."

"Tashi, Malam, mutane na kallo."

"Kogi ya yi ambaliya ina ciki, ba ki faɗa ba. Dorina ta bi ni, ba ki faɗa ba. Ashe tsintsiya kike jira."

Na kifa masa hularsa a fuska. Da aka kwance shi ya miƙe yana ɗingishi, ya ce, "To, baɗi ke za ki hau, ni in tsaya a ƙasa. Mu ga wa za ki kira."

Shekarar nan duka bai bar ni na huta ba. In yana saukowa daga bene sai ya kama ƙarfe ya ce, "Zan faɗi fa, 'yar tudu, shirya bakinki." In ce masa ya faɗi, akwai ma'aikaciyar jinya a gidan. In na kawo masa shayi ya ce ba zai karɓa ba sai an kira mai shayin da sunansa. Sai in ajiye in yi tafiyata, ina jin dariyarsa a bayana. Ya daina zaman taga. Ko a masallaci ranar Juma'a, an ce mini, sai da ya ba mutanen Kano da na Zariya labarin fitonsa a kan ƙanƙara, amma bai gaya musu abin da ya ji ba. Wannan ya bar mana.

Ganyen itatuwa ya fara ja, sanyi na dawowa, lokacin da ya kwanta rashin lafiya. Ciwon bai daɗe ba. A nan aka binne shi, a maƙabartar Musulmi, nesa da kowane kogi da ya sani. Ki dakata kaɗan.

Na yi takaba a ɗakin sama. Ina ciki aka yi ƙanƙara sau ɗaya, na tsaya a tagar da yake zama ina kallo har ta narke. Ɗana da ke gida ya aiko cewa in sanyi ya wuce in koma, ɗakina yana nan, kuma na amsa. Na san in na tafi ba zan sake dawowa ƙasar nan ba. Na fita takaba, sama ta bushe, ba ko ɗigo. Kullum da safe sai in ɗaga labule. Jikar kuma tun rasuwar ba ta taɓa katakon ba, yana can ɗakin ajiya a bayan akwatuna.

Sai ga shi wata safiya, sanyi na shirin tafiya, na ɗaga labule na ga fari. Ƙanƙarar ba ta da yawa, kuma ta garin nan ba ta jiran kowa, rana na ɗagawa take zama ruwa. Na sauko na tarar da 'yata ta dawo daga aikin dare tana cire takalmi. Na ce a kai ni tudun nan, zan hau.

Ta ce, "Inna, kin san tsofaffi nawa nake gani da karayar ƙugu? Wasu ba sa sake tashi."

Na ce na sani.

"Kuma jiya-jiya kika fita takaba. In matan unguwa suka ji, me za a ce?"

"Su ce tsohuwa ta zare. Ubanki ya ce baɗi. Baɗin ke nan, kuma ba ni da wata a ƙasar nan."

Ta dubi takalmin da ke hannunta. Ba mu ankara ba, ashe jikar tana kan bene tana ji. Muka ji ana jan akwatuna. Ta fito da katakon, duk ƙura, ta goge shi da hannun rigarta. Uwarta ta dube ta, ta dube ni, ta tashi ta ɗauko mini wandonta mai kauri ta ce in sa a ƙarƙashin zane.

Surukina ya kai mu a mota. Da muka isa ya ce shi zai jira a ciki, ya juyar da motar ta kalli titi. Allah ya yi masa albarka, ya san abin da ya dace.

Ba kowa a tudun. Ciyawa ta fara leƙowa ta cikin farin. Ba su kai ni sama ba, can ƙasa-ƙasa inda gangaren ya kwanta suka tsayar da ni. Aka kifa mini hular kwanon a kan ɗankwali. Da aka ɗaure ƙafafuna na gane abin da ya ɓata masa rai, mutum sai ya ji kamar akuyar da za a kai kasuwa. Jikar ta kama hannuwana biyu tana tafiya da baya, uwarta na biye da mu da hannu a buɗe.

Katakon ya motsa. Na ji irin abin da na ji ranar da jirginsa ya bar gaɓa da ni, ƙasa ta daina zama ƙasa. Wancan karon na rufe ido. Wannan karon na buɗe su, ina kallon shingen da ke ƙasa, inda ya ce zai tsaya. Na ce wa yarinyar, "Sake ni." Ta dubi uwarta. Na ce, "Ni na ce ki sake ni."

Tafiyar da na yi ni kaɗai ba ta fi tsawon jirginsa ba. Daga nan na zauna daɓas, na kwanta da baya, sanyi ya ratsa zanen. Ba abin da ya karye. Ina kwance ina kallon sama, na kira sunan. Da farko a hankali, don bakina bai saba ba. Sannan na ɗaga murya yadda na yi bara, na ce Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Na yi kuka sosai a wurin, 'yata ta durƙusa ta tallafi kaina, ita ma tana yi.

Jikar ta tsuguna tana kwance mini ƙafa. Da Hausa ta yi maganar, Hausarta mai karkata, ta ce, "Kaka, kin fi shi iyawa."

Na ce, "Rufe mini baki, shi da tsintsiya aka cuce shi."

Muka yi dariya da hawaye a fuska. Kafin azahar tudun ya koma ciyawa da laka.

Ƙuguna ya yi mini tsami kwana da kwanaki, 'yata tana gasa mini tana mita. Kayana suna ɗaure yanzu, an ce za a kai ni maƙabarta in yi sallama kafin tafiya. Da can in na idar da salla nakan ce Allah ya jiƙan Malam. Yanzu da sunansa nake roƙa masa, a hankali, yadda ba mai ji sai Wanda ake roƙo.

Ta tambaye ni ko ta rubuta sunan a nan. Na ce a'a, ta bar wurin haka. Ita ma ai ba za ta iya ba, ubanta ne.