Malama Marka, Mai Miyar Lami

Kullum kafin jiragen masunta su dawo gaɓa, Malama Marka Yaro ta riga ta share ƙofar ɗakin shan magani na Wara, ta rataya jaka ta nufi bakin ruwa. Babu komai a jakar sai abin awon jini, wanda robarsa ta sha faci kamar tayar keke, da ƙullin busasshen soborodo, zoɓo ke nan a bakin mutanen gabas. Ba ta jiran mara lafiya ya zo. Takan bi matan da ke bandar kifi har gindin murhunsu ta ce, "Miƙo hannu," ko ana so ko ba a so.

Haka take tun shekarar da ruwan Kainji ya ci tsofaffin garuruwa aka tashi mutane. A watan nan ta ajiye aiki, kuma ba mu ga wanda ya taso daga Sakkwato da lambar yabo ba. To, su zauna abinsu. Mu da muka gani da ido za mu faɗa.

Abin da ya hana ta sakat shi ne matan da suka daina ganin al'ada. Sai ka ga mace garau, ta fara ciwon ƙeya da jiri, ran nan ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Wasu su ce iska ce. Wasu su ce jinin da ya daina fita ne ya rasa hanya ya hau kai, a kira wanzami ya kafa ƙaho. Ita Marka cewa take a leƙa tukunya: gishiri, kanwa, dunƙule, ga goro da ba ya barin baki. Ta ce a rage su, a ba miya daddawa da tafarnuwa, a ci zogale, a sha soborodo babu sukari, a taka ƙasa da yamma. Wadda awonta ya wuce kima kuwa, babu jira, mota take sa ta sai asibitin Yelwa.

Ladan da ta samu shi ne suna: Mai Miyar Lami. Har ana cewa 'yar tudu ce, ina ta san daɗin miya? Takan ce, "Ku kira ni abin da kuka ga dama, ku dai miƙo hannu."

Wanda ke son sanin taurin kanta, ya tambayi Inna Altine mai banda. Yayar Altine, Jummai, shekara biyu ta yi sai an kwantar sai an tayar kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma duk duniya ba abin da Altine ke tsoro kamar irin wannan kwanciya. Sai 'yar Altine, Hawwa, ta zo gida haihuwar fari. Kunun kanwa na Altine kuwa ya yi suna har Ngaski. A gidansu mai damu ce ke fara sha, kuma kunun jego ba a zubar da shi. Abin da mai jego ta rage, mai damu ke shanyewa. Safe da yamma, har arba'in.

Ran kwana tara Marka ta shiga barka, ta kama hannun Altine ta auna, ta sake aunawa.

"Yaya, jininki ya kai inda na Jummai ya kai. Ki bar kunun nan. Ita ma Hawwa kanwar ta yi mata yawa."

Altine ta janye hannunta. "Ke Malama, wanga kunu da shi anka yi jegona, da shi anka yi na innata. Mi kika sani?"

Da Marka ta fito, mai gidan, Malam Sahabi, ya tare ta a zaure cikin mutunci ya ce, "Malama, asibiti naki ne, gida namu ne."

"Gaskiya ne, Malam. Amma hanya ta kowa ce."

Washegari sai ga ta da 'yar kujerarta a gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan, da ƙwaryar kunun tsamiya da butar soborodo. Ba ta shiga ba, ba ta tafi ba. Duk matar da ta zo barka sai ta biyo ta gabanta, ta miƙa hannu. Gari ya ɗauka, ana dariya, wai Mai Miyar Lami ta koma gadi. Abin ya yi mata ciwo, kada wani ya ce bai yi ba. An ga tana share ido da bakin ɗankwali. Amma hantsi biyar a jere tana nan daram.

A rana ta shida ludayi ya suɓuce daga hannun hagun Altine. Ta sunkuya ta ɗauka, yatsu suka ƙi. Hawwa da ke kallo daga bakin ɗaki ta manta da zaman jego, ta fito har zaure tana kiran Malama. Marka ta shiga, kuma ko sau ɗaya ba ta ce "ai na faɗa" ba. Ta sa aka tsayar da motar kifi, ta rungume Altine har Yelwa. Allah ya taƙaita, hannun ya dawo kafin azahar.

An sallamo su da ƙwayoyi, amma aikin a madafa yake. Marka ta kwashe kanwar gidan a jakarta, Malam Sahabi na kallo. Kowace la'asar ta zo ta ja Altine su bi gaɓar ruwa, Altine na mita tun daga ƙofa har su dawo. Hawwa da kunun tsamiya ta ƙarasa arba'in, kuma nono bai ƙafe ba, alhali tsofaffi sun rantse zai ƙafe.

Ke ce, Malama, kika shanye dariyar gari don kada wata ta sha kwanciya. Ke ce aka kora daga ɗaki kika tare a ƙofa. Dutsen bakin ruwa, a doke ki a koma, kina nan.

Ranar Asabar da aka taru yi mata ban kwana, sai ga Altine, shekara goma sha ɗaya bayan wancan jego, ta tako da ƙafarta tun daga bakin ruwa da akushi a ka. Ta sauke a gaban Marka.

"Ɗanɗana. Ba gishiri, ba kanwa, ba daɗi, yadda kike so."

Aka fashe da dariya. Altine ba ta yi ba. Ta ce, "Miƙo hannu." Marka ta miƙa. Altine ta damƙe shi da hagunta, ta matsa har Marka ta ɗan yamutsa fuska.

"Kin ji? Da shi na sauke akushin."

Mun gode, Malama Marka. Allah ya saka, ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma masu farin kaya da ke tasowa, kada ku zauna jiran a kawo muku mutum a tabarma; in an rufe muku ƙofa, ku nemi inuwa a bakin hanya. Iyayenmu mata kuwa, akwai sabuwar malama da aka turo Wara, kuma jakar Marka ce a kafaɗarta. In ta ce ku miƙo hannu, ku miƙa tun yana miƙuwa.