Gwalon da Na Yi a Babura

Gwiwa zuwa Roni

Ana idar da sallar Asuba na ja ƙofa na kulle. Ba wanda zan yi wa sallama, matata ta rasu bara. An ce za a rufe mini layin waya in ban yi katin ɗan ƙasa ba, alhali lambar nan kaɗai ɗana Sani ya sani tun da ya tafi ci-rani Aljeriya. Ɗan acaɓa ya sauke ni a ofishin yin katin da ke Roni da hantsi. Na ɗora yatsu a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko gezau. Ni birkila ne, siminti ya cinye zanen yatsuna tas. Ma'aikacin ya ce, "Baba, gwada Kazaure."

Kazaure

Nan ma haka, suka ce in gwada Babura. Na sayi waina na ci ni kaɗai a tasha, na kwana a barandar masallaci, wayar tana ƙirjina.

Babura

A mota na zauna kusa da wani malamin makaranta, na zayyana masa damuwata. Ya ce, "Ai Baba, ba yatsa kaɗai ba. Na karanta cewa harshen kowa da irin zanensa, ko tagwaye nasu ya bambanta." Wallahi sai na ji sanyi a raina. Siminti dai bai taɓa mini harshe ba!

A ofis wata yarinya ta gwada yatsuna duka, na'ura ta ƙi. Da ta juyo da kyamara, sai na zaro harshe iya tsawonsa. Ta miƙe zumbur. "Haba Baba! Da furfurarka kake mini gwalo?" Masu jira suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni, na yi mata bayani.

Ta koma ta zauna, ta ce, "Ka yafe ni, Baba. Na'urar harshe ba ta zo mana ba. Ka huta da siminti, ka riƙa shafa man kaɗanya, ko zanen zai dawo."

Gida

Na iso Gwiwa lafiya bayan La'asar, alhamdulillahi. Yarinyar nan ma Allah ya yi mata albarka. A hanya aka rufe layin. Ina nan ina shafa man, amma abin da ke ci mini rai, in Sani ya kira, za a ce masa babu lambar nan. Zai ɗauka na mutu.